Ɗamarar da Maccido Ya Kwance

Maccido mahauci ne a kasuwar Jega. Tun ana ƙarƙashin Sakkwato, kafin a yanko Jihar Kebbi, yake fawa, kuma waɗanda suka san shi a lokacin sun san ƙato ne mai kayar da bijimi ba tare da ya nemi hannu ba. A shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun direbobi ne ya soma zubewa. Ba zazzaɓi, ba tari. Jini ne ke tsiyaya a wani wuri can cikin cikinsa, yana fita baƙi ƙirin idan ya kewaya. Idonsa ya yi fari fat, tafin hannunsa ma haka, har ta kai in ya saɓo cinyar saniya daga kwata zuwa rumfa sai ya nemi dakali ya zauna.

Ya ɓoye, kamar yadda mutanenmu suka saba. Mu a wurinmu mutum ya gwammace a ce ya faɗi ya mutu da a ji abin da yake gani a bayan gida. Matarsa Laraba ce ta gane, ta gaya wa ɗansu Zayyad, direban motar haya mai jigila tsakanin Jega da Aliero da Maiyama. Zayyad ya kai shi Sakkwato. Can aka zura masa tiyo mai ido ta baki, aka zura wani ta ƙasa, ba a ga komai ba. Aka ƙara masa jini aka sallame shi. Ya ɗan murmure, jinin ya sake tsiyayewa, aka sake ƙarawa. Haka aka yi ta yi kamar mai zuba ruwa a tsagaggen tulu. Ban da iyalinsa, mutum ɗaya ne ya san gaskiyar ciwon, wato amininsa Sa'idu, manomin albasa a ƙauyen Jiga Makera.

Da bazara, bayan an kwashe albasa, wani likita ɗan asalin Maiyama mai suna Munir ya zo ganin gida daga ƙasar waje inda yake aiki. Ya ari ɗaki a wani ƙaramin asibiti a Jega yana duba mutane kafin hutunsa ya ƙare. Zayyad ya ɗauko shi a mota wata rana, ya ba shi labarin mahaifinsa tun daga tashar Maiyama har Jega. Likitan ya ce a kawo tsohon da safe, kada ya ci komai tun daren jiya, kuma ya ba da wani ruwa mai wanke ciki.

Da suka zauna, likita ya duba takardun Sakkwato, ya ja fatar idon Maccido ya leƙa.

"Baba, an ce mahauci ne kai. Ka fi ni sanin hanji ke nan."

"Na dabba dai, likita."

"To na mutum ma haka yake, dogo, a nannaɗe. Tiyon da aka sa maka ta baki farkonsa ya gani. Na ƙasa kuma ƙarshensa ya gani. Tsakiyar nan mai tsawo ba wanda ya leƙa, kuma ina zaton can jinin yake fita. Masu fiɗa ba za su buɗe ka a wannan hali su yi ta lalube ba, ba ka da jinin da za ka jure. Amma in muka ce musu ga wurin, sai su yanke shi su ɗinke, ka koma kan fawarka."

Ya buɗe wani ɗan akwati ya fito da wata aba kamar ƙwallon dabino mai kauri, santsi gare ta, kanta ɗaya gilashi ne, da wata 'yar fitila a ciki tana ƙyaftawa.

"Kyamara ce. Za ka haɗiye ta da ruwa. Tana tafiya tana ɗaukar hoto har ta fita inda abinci ke fita. Kaɗan na zo da su, wannan kaɗai ta rage."

Maccido ya karɓa ya jujjuya ta a tafin hannu. "Yanzu wagga aba mai ƙyafta ido zan haɗiye? Likita, ba don tuwo kaɗai anka yi ciki ba hwa. In ta ga abin da ba a so a gani?"

"Baba, in ta ga asirin Inna Laraba ba zan faɗa ba."

Maccido ya yi dariya, irin wadda Zayyad ya daɗe bai ji ba. Ya yi bisimilla ya haɗiye.

Kafin nan likita ya riga ya sa shi ya tuɓe riga. An aske gashin cikinsa, an manna masa wasu 'yan faifai a fata, kowanne da siririyar waya, wayoyin duka sun haɗu a wani baƙin akwati da aka ɗaura masa a ƙugu da ɗamara mai faɗi. Shi ma akwatin yana da 'yar fitilarsa mai ƙyaftawa.

"Kada ka ci komai sai azahar ta wuce. Kada ka ɗauki kaya mai nauyi. Kada ka cire wannan ɗamara. In an yi la'asar ka dawo."

Umarni ne ya bayar, bai faɗi dalili ba. Dalilin ga Zayyad ya juya ya faɗa, rabi da Turanci, a daidai lokacin da kan tsohon yake cikin wuyan babbar riga. Wannan ɗabi'a ce ta masu ilimin zamani. Suna ganin in sun yi wa ɗa bayani sun gama da uba, alhali cikin uban ne abin yake. Shi kuma Maccido bai tambaya ba, don a ganinsa yawan tambaya a gaban ɗan cikinka zubar da girma ne.

Zayyad ya sauke shi a rumfarsa ta kasuwa, ya roƙe shi ya zauna kawai kada ya taɓa wuƙa, shi kuma ya yi lodin fasinja ya nufi Maiyama.

Maccido ya zauna a kan benci, ɗamara tana matse shi a ƙarƙashin riga. Nauyinta bai dame shi ba. Wurin da ta zauna ne ya dame shi, don ƙugun nan ya san ɗamara. A ƙuruciyarsa ɗan tauri ne. In makaɗan mahauta suka saki kalangu, shi ne mai shiga fili da guraye jere a ƙugu, yana gurza wuƙa a cikinsa tana lanƙwashewa, yana haɗiye abubuwan da boka ya ba shi. Har Aliero da Kimba ana zuwa kallonsa. Sa'idu ne ya raba shi da wannan. Bai taɓa yi masa wa'azi a gaban mutane ba. Sai dai duk ranar kasuwa in ya sauke albasarsa ya zo ya zauna a rumfar nan ya ce, "Maccido, ran da anka zo wankanka, wa kake so shi kwance ma waɗanga?" Ya yi ta faɗa har ranar da Maccido ya kwashi gurayen a buhu ya kai su gonar Sa'idu suka cinna musu wuta. A bakin tokar nan suka yi alkawari: duk wanda ya rage a cikinsu, shi zai wanke ɗan'uwansa da hannunsa. Tun daga ranar ko tsinke bai sake ɗaurawa a ƙugu ba. Amma mutane ba sa manta abin da mutum ya bari. Sun fi riƙe shi da abin da yake yi yanzu.

Da ciwon nan ya kama shi, Sa'idu kan zo gaishe shi ya ce, "Na hwa tanadi magaryata ta wankanka. Ka yi ta rama, ka sauƙaƙa min juyi." Su yi dariya. Su biyun duka sun ɗauka an riga an san wanda zai wanke wani.

Hantsi ya ɗaga sosai sa'ad da wani ɗan kabu-kabu mai suna Garba ya tsaya a gaban rumfar, bai ko kashe babur ba.

"Baba Maccido, daga Jiga Makera anka aiko ni. Malam Sa'idu lokaci ya yi."

"Wane Sa'idu?"

"Naka. Shina juya albasa cikin rumbu yaf faɗi. Matatai Inna Hamida ta ce ba mai taɓa shi sai ka zo, wasiyya ta."

Maccido ya yi salati. Ya sake yi. Ya dafa benci ya miƙe, ƙasa ta juya masa, ya tsaya har ta daidaita. Bai tuna likita ba, bai tuna la'asar ba. Ya tattare rigarsa ya hau bayan babur.

Sun isa rana ta take. Ƙofar gidan cike da maza a kan tabarmi, daga ciki ana jin kukan mata ƙasa-ƙasa. Warin albasar da mamacin bai gama juyawa ba ya cika unguwar. Masu haƙa sun riga sun tafi maƙabarta, kuma kowa ya san a zafin bazara ba a jinkirta gawa. Maigari da kansa ya tarye shi ya kai shi bayan ɗaki, inda aka kewaye da zana. Ga Sa'idu kwance an rufe shi da zane. Ga tukwanen ruwa, ga dakakken ganyen magarya, ga kafur. A tsaye kusa da tukwanen akwai Usama, babban ɗan mamacin, malamin Islamiyya a Aliero, saurayi mai tsantseni da zafin zuciya, idonsa jawur. Shi zai zuba ruwa. Wani dattijo mai suna Ummaru yana tsugune a bakin zana yana yayyanka likkafani.

Ba a wankan gawa da babbar riga. Maccido ya tuɓe ta ya rataya a zana, ya rage 'yar shara. Yana sunkuyawa ya naɗe ƙafar wando, sharar ta ɗage.

Usama ne ya fara gani. Baƙar ɗamara a ƙugu, da akwati, da igiyoyi sun bi ciki sun manne.

"Baba Maccido, dakata. Mi na wanga?"

"Na likita na, ɗana. Zuba ruwa."

Ummaru ya ɗago kai daga likkafani ya ƙura ido. "Likita? Yaushe likita yaf fara ba da guru? Ku duba, har ido gare shi, shina ƙyaftawa."

"Ba guru ba na, Ummaru. Ka san na bar wanga tun kana da haƙora."

"Na san ka ce ka bari. Hali zanen dutse."

Maigari ya matso. Mutum biyu uku daga waje suka leƙo ta saman zana. Abin da ya kamata Maccido ya faɗa a fili yake: jini nake zubarwa ta bayan gida, an rasa inda yake fita, ana nema. Amma ya dubi fuskokin nan, ga surukan Sa'idu, ga yaran da aka haifa a gabansa, bakinsa ya ƙi. Sai ya kama zancen ta tsakiya.

"Wani abu na haɗiye da sahe. Wagga ɗamara tare suke aiki."

Ko da ya nemi maganar da za ta kashe shi, ba zai samu wadda ta fi wannan ba. Kowa a wurin ya san 'yan tauri haɗiya suke yi, sannan su ɗaura. Ummaru ya tafa hannu ya ce, "To kun ji da bakinai." Daga bayan zana wani ya ce ciwo ne ya mayar da shi gidan jiya, wai dama an ga yana ramewa.

Usama ya ajiye kwaryar ruwa. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, kai uba na gare ni. Amma ubana ya rayu bai ɗaura ba, bai rataya ba. Ba za a sa mai hannu da abu ɗaure ga ƙugu ba. In ka kwance, bisimilla. In ba ka iyawa, ka yi haƙuri, ni in wanke shi."

Yaron ba mugu ba ne. Yana tsaron mahaifinsa ne da iyakar abin da ya sani. Laifinsa ɗaya, ya yi tambaya bai jira amsa ba, kuma wannan laifi ya yi yawa a cikin masu ganin sun riƙe gaskiya.

Maigari ya dubi rana ya ce, "Maccido, zahi na yi. Ko ka kwance ko ka ba da wuri."

Maccido ya dubi zanen da ya rufe Sa'idu. Yatsun ƙafar sun ɗan fito, da kaushin nan na mai shiga fadama. Wannan shi ne mutumin da ya tambaye shi wa zai kwance masa ɗamara ranar wanka. Yau ga shi a kan gawarsa da ɗamara, ana cewa ya koma. In ya ba da wuri, ya karya alkawari, kuma ya tabbatar musu da zarginsu har abada.

Sai ya yi lissafi irin nasa. Ya san mai hoton bakin kasuwar Jega: in ya ɗauki mutum, cikin kyamarar yake buɗewa ya zaro fim, hoton yana cikinta. Ya kuma san ciki. Shekara da shekaru yana farka tumbin shanu yana tsintar ƙusa da leda da tsabar kuɗi, kowanne ya fito yadda ya shiga, da abin da ke jikinsa. Kyamara tana ciki tana aikinta, ba wanda ya isa ya hana ta. In ta fito sai ya wanke ta ya kai wa likita ya buɗe. Ɗamara kuwa, a ganinsa, irin ƙarin kayan nan ne na asibiti, kamar auna zafin jiki. In likita ya yi faɗa, ya ba shi haƙuri.

Ya ɓalle ɗamarar. Ya bi faifan nan ɗaya bayan ɗaya yana ɓamɓarewa, suna tafiya da fatar tsufa. Fitilar akwatin ta daina ƙyaftawa. Ya gani, bai ɗauke shi komai ba. Ya naɗe duka cikin babbar rigarsa ya miƙa wa Maigari.

"Zuba ruwa, ɗana."

Ya wanke Sa'idu wankan da aka daɗe ba a ga irinsa ba a Jiga Makera. Ya naɗe hannunsa da tsumma, ya matsa cikin a hankali, ya yi masa alwala, ya fara da dama. Hannun da ya saba da nama ya san inda gaɓa take lanƙwasa ba tare da an tilasta mata ba. Da ya zo juya shi ƙarfinsa ya gaza, sai da Usama ya tallafa. A nan ne ya sunkuya kusa da kunnen mamacin ya ce, "Kai da kac ce in rame in sauƙaƙa ma. Ga shi kai ba ka sauƙaƙa min ba." Usama ya ji, ya kau da kai, kafaɗunsa suna girgiza.

Aka yi salla, aka ɗauki makara. Maccido ya bi a baya yana tsayawa yana hutawa. A bakin kabari ya zuba ƙasa da hannunsa, da ya zo miƙewa sai da aka kama shi.

Bayan la'asar Zayyad ya iso. Ya je rumfa bai sami mahaifinsa ba, aka gaya masa. Ya yi gaisuwar ta'aziyya, ya zo ya durƙusa kusa da tsohon, idonsa ya sauka a ƙugunsa. Rigar ta kwanta lumui.

"Baba, ina ɗamarar?"

"Tana nan cikin buhu, ba abin da yas same ta."

"Tun yaushe kac cire?"

"Kahin azahar."

Ɗa ba ya yi wa uba faɗa a zaman makoki. Zayyad ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota har ya bar shaida a tafinsa.

"Kwantar da hankalinka," in ji Maccido. "Abar tana ciki. Hoto ai cikin kyamara yake."

A mota Zayyad ya yi ƙoƙarin yi masa bayani, tsohon ya ce ya kula da hanya. Suka ajiye ɗamarar a asibiti, likita ya ce su dawo jibi ya gama dubawa.

Abin da Maccido ya yi washegari ba abin da dattijo zai so a sani ba ne, amma ya yi shi don yana son ransa. Ya sa Laraba ta samo masa fo da tsohuwar rariya, ya hana ta kusantar wurin. Da abar ta fito ya tsince ta, ya wanke ta ruwa bayan ruwa kamar yadda yake wanke tumbin da za a kai gidan biki, ya goge ta, ya sa a kwalin ashana. Ta daina ƙyaftawa. Ya ce a ransa ta gama aiki ne ta rufe ido.

Ranar da suka koma, likita ya juyo musu da allon kwamfuta. Fuskarsa ba walwala.

"Baba, ga cikinka."

Maccido ya matso. Ya ga wani rami ja yana wucewa, sai wani fili mai nannaɗi da ƙyalli. "Wanga tumbi na," in ji shi. "Ashe namu ba ya da gashi-gashin tawul irin na shanu." Sai hanya ta ƙuntata, bangonta kamar gashin sabon bargo, hoton yana tafiya yana tsayawa. Mutumin da ya ga cikin dabbobi ba adadi, yau ga nasa. Ya ƙura wa allon ido. Aka daɗe ana tafiya cikin hanji mai tsabta. Can sai wani siririn zare ja ya ɓullo daga gaba, yana yawo cikin ruwa. Wani ya biyo shi, ya fi shi kauri. Sai allon ya yi baƙi.

"Ci gaba mana, likita."

"Iyakarsa ke nan. Ta fara jin ƙanshin wurin, ba ta kai ba. Ko yana bayan lanƙwasa ɗaya, ko yana can nesa jinin ne ya gangaro baya, ban sani ba. A nan ka cire."

Maccido ya yi murmushi, ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin ashana, ya tura shi gaban likita da yatsa biyu.

"Sauran na nan ciki. Na wanke ta tas, ba ƙazanta. Buɗe ka gani."

Likita ya buɗe kwalin. Ya daɗe yana kallon abar. Da ya ɗago, bai iya haɗa ido da tsohon ba.

"Baba, ba komai a cikinta. Ita ido ce kawai. Duk abin da ta gani, nan take take aika wa akwatin da ke ƙugunka, shi ke riƙewa. Da ka cire, ta ci gaba da gani har batirinta ya mutu. Ta wuce ta kan ciwon, ta gan shi sarai. Ba dai wanda ta gaya wa."

Maccido ya ɗora yatsa a kan kwalin.

"A sake haɗiye ta hwa?"

"Sau ɗaya take aiki."

"Wata?"

"Babu wata a hannuna, kuma ban san inda za a same ta kusa ba. Jibi zan koma. In na dawo bayan damina zan zo da ita, in Allah ya so." Ya kashe allon. "Da na gaya maka dalili da bakina."

"Da ni ma na tambaya," in ji Maccido. Ya ja kwalin ashanar ya rufe, ya mayar aljihu. "Allah shi yi ma albarka, likita. Ka nuna min abin da ban zaci gani ba."

An sake ƙara masa jini kafin ruwan farko, aka sake bayan shuka ta fito. Kowane ƙari ya fi na baya saurin tsiyayewa. Masu fiɗa a Sakkwato suka duba hotunan da aka samu suka ce ba su isa a buɗe mutum a kansu ba. Ya bar zuwa kasuwa. Ya koma kwanciya a zaure, Laraba tana dama masa kunu yana kurɓa kaɗan ya ture.

Labari ya kai Jiga Makera, don a tasha ba abin da ke ɓoyuwa. Ummaru bai zo ba. Irinsu ba sa zuwa, sai dai su ce ai su ba da wata manufa suka faɗa ba. Usama ne ya zo, wata ranar Juma'a da hantsi, da ɗan buhun albasa a bayan keke. Zayyad yana ƙofar gida yana wanke mota, ya amsa sallamar da ƙyar, bai ba shi hannu ba.

"Bar shi shi shigo," in ji Maccido daga zaure.

Usama ya durƙusa a bakin tabarma. Ya fara magana, kuka ya ci ƙarfinsa.

"Baba, wallahi da na san..."

"Tashi zaune. Ubanka kaka tsaro, ban ga laihinka ba can. Amma ka ji wagga daga bakina: in ka tambayi mutum mi na wanga, ka tsaya shi gama ba ka amsa. Ko da shina in'ina." Ya huta, numfashinsa yana fita da ƙyar. "Ni ma da na buɗe baki na ce jini nika zubarwa, da ba a kai nan ba. Kunya ta hana ni. Ga ta nan, ta ishe ni."

Ya kira Zayyad ya shigo, ya sa shi ya zauna kusa da Usama.

"Wanda zai wanke ni ya riga ni. To bashin na kanka, Usama. Kai ka wanke, wanga shi zuba ruwa. Kun ji?"

Suka ce sun ji.

Ya lalubi aljihu ya fito da kwalin ashana, ya buɗe ya nuna wa Usama abar, santsinta yana ɗaukar hasken ƙofa.

"Za ka iske wagga ga aljihuna. Ina hwaɗa ma tun yanzu, ba laya ba ta."

Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Su biyun ba wanda ya iya tayawa.

Gero yana fitar da kai Maccido ya rasu, da sauran lokaci kafin likita ya dawo. Usama ya zo daga Aliero a kan keke cikin yayyafi. Da ya ɗaga 'yar sharar mamacin, ya ga tabon faifan nan har yanzu a fatar cikinsa, inda ya ɓamɓare su da gaggawa. Ya tsaya da tsumma a hannu ya kasa ci gaba, sai da Zayyad ya taɓa kafaɗarsa da kwaryar ruwa.

Bayan an dawo daga maƙabarta Usama ya miƙa wa Laraba kwalin ashanar ta bayan labule. Ta karɓa ta jijjiga shi kusa da kunne, ta ji abar tana motsi a ciki.

"An ce ta ga wurin?" in ji ta.

"An ce ta gani, Inna."

Ta ɗaure kwalin a bakin zanenta, ta koma cikin mata.